Filin Lafiyar Iyali: Ciwon Maigida, Ɗawainiyar Gida

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan ciwo ɗaya suke, kuma babu ko ɗaya da mai ciwon ya rubuto da hannunsa. Mata ne da 'ya'ya suka rubuto. Ciwon shi ne wanda ake kira sankarar mafitsara a rediyo, ko da yake ba a jikin mafitsarar take fitowa ba. A ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wata 'yar tsoka da girmanta bai wuce goro ɗaya ba, likitoci na kiranta furostet. Hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa, kamar yadda zare ke ratsa ƙwayar carbi, kuma ita ke samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Idan ta kumbura sai ta shaƙe hanyar, fitsari ya riƙa fita da ƙyar. Yawancin kumburin da ke samun dattawa na tsufa ne kawai, ba sankara ba. Amma sankarar wannan tsoka ita ce ta fi kowace sankara yawa a tsakanin mazan Najeriya, kuma akasari ba a zuwa asibiti sai ta yi nisa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidanmu manomi ne, ya haura shekara 60. Wata huɗu ke nan da aka gano masa wannan ciwo a Kano, aka ɗora shi kan wata allura da ake yi masa a fatar ciki duk wata. Fitsarin ya yi sauƙi, amma mutumin ya canza. Ya daina zama majalisa, abu kaɗan sai faɗa, da dare gumi ya jiƙa shi sharkaf ko a cikin hunturu. Ya ƙaurace wa ɗakina da na abokiyar zamana, yana kwana shi kaɗai a turakarsa. Yanzu ita tana zargin ni na yi masa wani abu, har danginta sun fara ƙananan maganganu. Me zan yi? Daga wata uwargida, ƙasar Ringim.

AMSA: Wa alaikumus salam. Uwargida, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Malam lafiya. Duk abin da kika lissafa, tun daga gumin har ƙaurace wa ɗaki, aikin allurar ne. Babu hannun kowa a ciki.

Wannan sankara tana rayuwa ne da wani sinadari mai suna testostaron, wanda 'ya'yan maraina ke samarwa. Shi ne takinta. Allurar da ake yi a fatar ciki, wadda galibi goserelin ce, da aka fi sani da Zoladex, aikinta ta hana jiki samar da sinadarin. Akwai ta miligiram 3.6 da ake yi duk kwana 28, akwai ta 10.8 da ake yi duk mako 12. Cikin mako uku zuwa huɗu sinadarin yakan sauka ƙasa sosai, sankarar ta motse, fitsari ya samu hanya. To amma wannan sinadarin dai shi ne ke ɗauke da sha'awar namiji da ƙarfin gabansa, yana kuma da hannu a ƙarfin jikinsa da walwalarsa. Idan aka sauke shi, sha'awa takan ɗauke kusan gaba ɗaya, gaba ya daina miƙewa, zafi ya riƙa taso wa mutum daga ƙirji zuwa fuska na 'yan mintoci sannan gumi ya biyo baya. Wasu nononsu kan ɗan tasa ya yi tsami, tumbi ya fito, gajiya ta yi yawa, zuciya ta yi kusa. Mutumin da ya shekara arba'in yana riƙe da gida, ya wayi gari jikinsa ya ƙi shi, kuma babu wanda zai iya buɗe baki ya gaya wa, dole ya janye jikinsa. Kunya ce ta mayar da shi turaka.

Abin da ya fi gaggawa shi ne maganar ta fito daga bakin likita, a gaban ku biyun. Idan ke kika gaya wa abokiyar zamanki, za ta ɗauka kare kanki kike yi. Ki sami Malam lokacin da ya natsu, misali bayan la'asar, ba da dare a ɗaki ba, don kada ya ji kamar ƙorafin shimfiɗa kika kawo. Ki ce masa kin ji cewa allurar ce ke kawo gumi da kasala, kuma kina roƙon ranar allura ta gaba ya tafi da ku biyu, ko da ke da babban ɗansa, don a ji yadda za a riƙa kula da shi. Kada ki ambaci ƙarfin gaba, likita zai ambata. Idan ya ƙi sauraron ki, ki bi ta amininsa ko yayansa, mutum ɗaya mai riƙe sirri, ba taron dangi ba. Kuma ko wa za a gaya wa, a nemi izininsa tukuna, domin jikinsa ne, sirrinsa ne.

Maganar rabon kwana kuwa, malamai sun bayyana cewa abin da ake rabawa shi ne kwanan da zaman, ba lallai saduwa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ci gaba da zagaya ɗakunan matansa a ciwonsa na ƙarshe, har sai da ya nemi izininsu aka yi jinyarsa a ɗakin Nana A'isha. Mai girki ta kai masa abinci, ta zauna ya ci, ta matsa masa ƙafa, a yi hira, a kwana ɗaki ɗaya ba tare da yana jin ana jiran wani abu daga gare shi ba. Yawancin maza da zarar sun tabbata ba za a gwada su ba, sukan dawo ɗaki da kansu. Kuma idan kowace ta ga kwananta na nan, zargin asiri yakan mutu.

Akwai kurakurai biyu da ke lalata magani a daidai wannan gaɓar, muna roƙon ki sa ido a kansu. Na farko, mutum ya gane allurar ce ta kashe masa gaba, sai ya daina zuwa a ɓoye, ya ce ai ya warke. Bayan 'yan watanni sinadarin ya dawo, sankarar ta farfaɗo, wani lokaci sai an gan ta a ƙashi. Ki riƙe katin asibiti, ki san ranar allura kamar yadda kika san ranar kasuwa. Na biyu, maganin ƙarfin maza na tasha da na 'yan talla a mota. An sha samun irin waɗannan haɗe-haɗen da ƙwayar bature a ciki ba tare da an rubuta ba. Duk abin da ke ƙara testostaron taki ne ga ciwon. Ƙwayar bature ta ƙarfin gaba irin sildenafil kuwa, idan ta haɗu da maganin ciwon zuciya da ake sawa ƙarƙashin harshe, tana iya faɗar da hawan jini mutum ya yanke jiki. Idan Malam yana son a taimaka masa ta wannan fannin, likitansa ya tambaya, ba abin kunya ba ne a wurinsu, kullum suna jin irinta. Sai dai a sani, ƙwayar ba ta dawo da sha'awa, kuma ba ta cika yin tasiri ga wanda ke kan allurar ba.

Gumin yana raguwa idan ya sa tufa mara nauyi ta auduga, ya rage yaji da shayi mai zafi da dare, ya bar taba in yana sha. Idan yana hana shi barci, akwai maganin da likita ke bayarwa. Kada a hana shi gona gaba ɗaya da sunan tausayi. Tafiyar rabin awa kullum da aiki mara nauyi, kamar duba shuka da ba dabbobi abinci, suna rage gajiyar, suna riƙe ƙashi, wanda allurar ke sa ya yi laushi a hankali. A riƙa auna masa suga da hawan jini duk bayan 'yan watanni, domin allurar na iya tayar da su.

Sannan ki bambanta fushi da ciwon damuwa. Idan ya kai mako biyu ba ya cin abinci, ba ya barci, ba ya jin daɗin komai har jikokinsa, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ya zame muku kaya, to wannan ma ciwo ne mai magani. Kada a tsaya kan yi masa wa'azin haƙuri kawai. A kwashe fiya-fiya da maganin feshi daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a gaya wa likitansa a makon. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

TAMBAYA: An sa wa mahaifinmu robar fitsari wata biyu da suka wuce. Da shi ke jan sallah a masallacin ƙofar gidanmu idan liman ba ya nan. Yanzu ko Juma'a ba ya zuwa, ya ce yana wari kuma ba shi da tsarki. Ko zaure ba ya fitowa. Daga wani ɗalibi, ƙasar Gaya.

AMSA: Ɗan'uwa, matsalar Baba gida biyu ce, ta wari da ta tsarki, kuma duk biyun suna da mafita.

Robar da aka kula da ita ba ta wari. Warin yana zuwa ne daga jakar tara fitsari da ta daɗe ba a juye ba, ko fitsarin da ya yi kauri saboda ƙarancin shan ruwa, ko wanda ke tsiyaya ta gefen robar ya jiƙa wando. Dattawa da yawa sukan rage shan ruwa don kada jakar ta cika, wannan kuwa shi ke jawo toshewa da ƙwayoyin cuta. Baba ya sha lita biyu a wuni, wato ruwan leda huɗu, a ƙara a lokacin zafi, sai dai in likita ya taƙaita masa saboda zuciya ko ƙoda. A juye jakar da zarar ta kai kashi biyu cikin uku, a wanke hannu da sabulu kafin da bayan haka, kada bakin famfon jakar ya taɓa ƙasa ko bakin masai. Safe da yamma a wanke inda robar ta shiga da ruwa da sabulu, ana shafawa daga jiki zuwa waje. Ba a sa toka, ba a sa man zafi, ba a sa turare a wurin. Kullum jakar ta kasance ƙasa da mara, ko a zaune ko a kwance, domin idan aka ɗora ta kan gado ko cinya fitsarin baya yake komawa.

Abin da zai fitar da Baba daga ɗaki shi ne ƙaramar jakar ƙafa. Ana ɗaure ta a cinya ko ƙwauri, tana ɗaukar kusan rabin lita, kuma wando da babbar riga suna rufe ta ruf, babu mai sanin tana nan. Ku tambaye ta a shagunan kayan asibiti. Da dare sai a haɗa babbar jakar, a rataye ta gefen gado. A manne robar a cinya da filasta don kada ta fizgu, musamman in za a hau babur. Kada kowa ya ja ta da nufin cirewa, domin a cikin mafitsara akwai ɗan balan-balan da aka hura da ruwa, shi ke riƙe ta, kuma idan aka ja shi a haka yaga hanyar fitsari yake yi. Roba ta yau da kullum ana canza ta duk mako biyu zuwa huɗu, ta silikon tana iya kai wa mako 12. Ku tambayi wacce aka sa masa, ku rubuta ranar canji a bango.

Idan awa biyu ko uku suka wuce babu fitsari a jaka kuma mararsa ta cika tana ciwo, a duba ko robar ta lanƙwashe ko ya zauna a kanta. In ba haka ba ne, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Haka idan zazzaɓi da rawar sanyi suka kama shi, ko jini ya fito da gudaji, ko ya fara sambatu. Ruɗewar tsoho mai roba sau da yawa alamar cuta ce ta shiga jini, ba iska ba. Amma don fitsari ya ɗan yi duhu ba tare da zazzaɓi ba, kada a ruga kemis a sayo kafso, a ƙara ruwa tukuna. A kuma kiyaye taurin bayan gida, domin yana danne robar. Miyar kuka, zogale, gwanda da wake suna taimakawa.

Ta ɓangaren tsarki, Baba ya fi mu sanin babin mai yoyon fitsari. A mazhabar Malikiyya, fitsarin da ke fita ba da ikon mutum ba kuma ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, an dai so ya sabunta ta a kowace sallah. Ya juye jakar, ya yi alwala bayan shigar lokaci, ya tafi masallaci. In ruku'u da sujada suna jan robar, ya yi sallah a zaune. Limanci ne malamai suka karhanta ga mai wannan lalura idan akwai mai lafiya, amma sahu nasa ne kamar kowa. Abin da ke aiki sosai shi ne limamin ya shigo har ɗaki ya gaishe shi, ya faɗa masa wannan da bakinsa, sannan kai ka riƙa rakiyarsa a farkon kwanaki, a fara da asuba lokacin da mutane ba su da yawa.

Kuma ku tambayi likita ko za a gwada cire robar. Idan aka fara maganin da ke motse furostet, maza da yawa sukan koma yin fitsari da kansu bayan makonni ko 'yan watanni.

TAMBAYA: Ni ne babba a gidanmu. Likita ya gaya mana ciwon Baba sankara ce kuma ta taɓa ƙashi. Ƙannena sun ce kada a gaya masa don kada ya karaya, mun ce masa sanyin mara ne. Likita ya ba mu zaɓi tsakanin allura da tiyatar cire 'ya'yan maraina. Mun riga mun sayar da shanu biyu, yanzu ana maganar jinginar da gona. Daga wani magidanci, ƙasar Birnin Kudu.

AMSA: Malam, Allah ya saka muku da alheri bisa tsayuwar da kuka yi. Niyyar ƙannenka mai kyau ce, amma ba mu goyi bayan ɓoyewar ba.

Baba ba yaro ba ne. Yana ganin ana fita da likita waje ana raɗa, yana ganin garke ya ragu, ya san ba a sayar da sa don sanyin mara. Abin da ɓoyewa ke haifarwa shi ne kowa ya san gaskiya amma babu mai iya magana da kowa, shi ma ya koma yana ɓoye muku tsoronsa. Ban da haka, ba a yi wa mutum mai hankalinsa tiyata sai da yardarsa, balle irin wannan. Wanda kuma aka ce masa sanyi ne, da ya ji sauƙi zai bar magani, kuma ba laifinsa ba ne. Akwai basussuka, da amanar mutane da ke hannunsa, da iyakokin gonaki, da wasiyyar da shari'a ta ba shi dama a kai har kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa. Haƙƙinsa ne ya tsara waɗannan da kansa yana da ƙarfi.

Ba a sauke maganar lokaci ɗaya kamar dami. A zauna da shi, kai da likita da mutum ɗaya da ya amince da shi. A fara da tambayarsa me ya fahimta game da ciwon, sannan ko yana son a yi masa bayani duka ko ya wakilta ka. Wasu dattawan sukan ce ku dai ku ji, abin da kuka yanke ya yi, kuma wannan ma zaɓinsa ne, a girmama shi. Idan ya ce a faɗa, a faɗa kaɗan, a yi shiru, a bar shi ya tambaya. A haɗa da gaskiyar da ke ba da ƙarfi: sankarar da ta kai ƙashi ba ta warkewa gaba ɗaya, amma wannan irin tana jin magani, ana danne ta, mutane da yawa suna yin shekaru suna harkokinsu. Wadda aka kama tun tana cikin tsokar kuwa ana warkar da ita da tiyata ko gashi, wato ƙona sankarar da hasken na'ura a asibiti. An yi wa Nelson Mandela gashin wannan ciwo a 2001 yana da shekara 83, ya rayu har 2013. Marubuci Wole Soyinka ya fito a 2014 ya gaya wa duniya an yi masa maganinsa. Ku gaya wa mahaifiyarku da 'yan'uwanku mata ma, domin su za su yi wanki da girki da kwanan zaune, bai dace a bar su cikin duhu ba.

Kafin a taɓa gona, ku yi wa likita tambayoyi uku ku rubuta amsar. Wannan maganin na warkarwa ne ko na dannewa? Nawa zai ci a shekara ɗaya, har da gwaje-gwaje da kuɗin mota? Me zai faru idan muka fara muka kasa ci gaba? Tambaya ta uku ita ce ake mantawa. Ga wanda ciwon ya kai ƙashi, allurar ba ta wata uku ko shida ba ce, abu ne mai ci gaba, kuma tana da tsada. Gidaje da yawa sukan fara da ƙarfi bayan kaka, kafin damina kuɗi ya ƙare, a tsallake wata biyu ko uku, a yi asarar kuɗin da lafiyar duka.

Tiyatar kuwa aikinta ɗaya da allurar, wato sauke testostaron, kuma ta fi saurin yi, cikin kwana ɗaya ya sauka. Sau ɗaya ake yin ta, ba ta kai awa ɗaya ba, ana iya yi da allurar kashe zafi a wurin kawai, a sallami mutum a ranar ko washegari. Ba a taɓa gaba, fatar marainan tana nan, akwai ma hanyar da ake cire cikin kawai a bar kwanson don kada wurin ya zama fayau. Illolinta su ne na allurar, bambancin shi ne ba a dawowa daga gare ta. Ga dattijon da ke nesa da asibiti kuma kuɗin allura zai cinye gonarsa, a ganinmu zaɓi ne mai kyau, ba na talauci ko ƙasƙanci ba. Amma nauyinta a zuciyar namiji babba ne, shi ya sa shi zai yanke, ba ku ba. Kuma kada a bari kalmar dandaƙa ta fito daga bakin kowa a gidan. Wanda ba ya cikin jinyar, ya isa a ce masa an yi wa Baba aiki a mara.

Ku je ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin da kuke, ku tambayi Asusun Tallafin Masu Sankara na Gwamnatin Tarayya, wanda ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da wannan, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana cikin cibiyoyin da aka fara da su. Ku bincika inshorar lafiya ta jiha, JICHMA a Jigawa, KSCHMA a Kano, ku ji abin da take ɗauka. A cikin gida kuma a naɗa mutum ɗaya mai riƙe kuɗi da littafi, kowa ya faɗi abin da zai iya bayarwa duk wata, wanda ba shi da kuɗi ya ɗauki rakiya ko noman gonar Baba. Rigimar 'yan'uwa a jinya yawanci daga kuɗin da ba a rubuta ba take tashi.

TAMBAYA: Shin mace na iya ɗaukar ciwon daga mijinta? Kuma gaskiya ne yawan mata ko rashin kusantar iyali ke kawo shi? Mahaifina yana da shi, ni ma zan yi? Daga wani mai karatu, ƙasar Bichi.

AMSA: Ba a ɗauka, ko ta saduwa, ko ta kwano, ko ta wankin kaya. Ba ciwon sanyi ba ne, ba kuma hukuncin wani laifi ba ne, yawan mata ko ƙarancinsu ba shi ke kawo shi ba. Abubuwa uku aka tabbatar suna ƙara haɗarinsa: shekaru, musamman bayan 50, da kasancewa baƙar fata, da gado. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi, haɗarinsa ya kai ninki biyu na sauran maza. Wannan ba ya nufin lallai za ka yi. Daga shekara 40 zuwa 45 ka je ka ga likita a kan gwajin jini na PSA, mai auna wani sinadari da furostet ke fitarwa, ko da ba ka jin komai, domin a farkonsa ciwon ba ya nuna alama. Ka guji saduwa kwana biyu kafin gwajin, kada kuma a yi shi kana fama da cutar fitsari, domin suna ɗaga sakamakon. Idan ya haura 4 ba shi ne sankara ba, kumburin tsufa ma na ɗaga shi. Sai an duba da yatsa ta dubura, an yi hoto, an ɗebi ɗan nama da allura an auna kafin a tabbatar. Idan kuma akwai sankarar mama a danginku, ka gaya wa likita, domin wani lokaci gadonsu ɗaya ne.

TAMBAYA: Mijina na da wannan ciwo shekara biyu. Kwana uku ke nan bayansa na ciwo sosai, ƙafafunsa sun yi nauyi, yana jan su. 'Yan'uwansa sun ce shanyewar iska ce, za a kira mai ɗori da wanzami. Ni kaɗai ke jinyarsa, na gaji. Daga wata baiwar Allah, ƙasar Hadejia.

AMSA: Baiwar Allah, wannan ba ta jiran gobe, kuma duk wanda ya ga irin haka a gidansa ya ɗauke ta da gaggawa. Sankarar tana son ƙashin baya, kuma idan ta danne lakar da ke cikinsa, ƙafafu kan yi nauyi, su yi dindiris, fitsari da bayan gida su riƙe ko su kufce. Wanda aka kai asibiti yana iya taka ƙafarsa, akasari yakan ci gaba da tafiya. Wanda aka bari har ƙafar ta mutu, da wuya ta dawo, kuma tsakanin biyun wani lokaci kwana ɗaya ne. Kada a ja bayan, kada a murza, kada a yi ƙaho ko tsaga, domin ƙashin ya yi rauni, matsa shi na iya karya shi. A ɗauke shi a kwance a miƙe, a mota, ba a babur ba, zuwa babban asibiti kamar na Rasheed Shekoni a Dutse ko na Malam Aminu Kano, da duk takardunsa. Tun daga ƙofa a ce mai sankarar furostet ne ƙafafunsa suka yi nauyi. Za a ba shi dexamethasone don rage kumburin, a yi hoton baya, a tura shi gashi ko tiyata. Kafin a kama hanyar wurin gashi a buga waya a tabbatar na'urar na aiki. Addu'a da tofi a yi su a hanya da gefen gadon asibiti.

Ciwon ƙashi kuma bai kamata a bar mutum yana kwana yana nishi da shi ba. Ƙwayoyin ciwon jiki na kemis irin diclofenac da ibuprofen, idan aka daɗe ana sha, suna cin ciki da ƙoda, ƙodar mai wannan ciwo kuwa da ma a wahale take. Idan farasitamol bai isa ba, ku nemi a rubuta masa mofin na ruwa, maganin kashe ciwo mai ƙarfi. Ana ba da shi duk awa huɗu bisa agogo, ba sai ciwon ya taso ba, tare da maganin sassauta bayan gida tun ranar farko. Ba alamar an sallama shi ba ce, kuma shan sa bisa ƙa'idar likita don ciwo ba shaye-shaye ba ne. A ajiye shi a kulle inda matasa da yara ba za su kai ba.

Gajiyarki kuwa ki faɗe ta a fili, ba rashin haƙuri ba ne. Mai kwance yana buƙatar a juya shi duk awa biyu don kada bayansa da ɗuwawunsa su yi gyambo, a riƙa duba fatar, a bar shimfiɗa a bushe, mutum ɗaya kuwa ba zai iya wannan dare da rana ba. Ki sami babban wansa ko mai unguwa, a raba kwanakin mako tsakanin 'yan'uwan da 'ya'ya maza, su ɗauki ɗagawa da wanka da kwanan dare, ke ki samu aƙalla dare biyu a mako kina barci a wani ɗaki.